Yau na kai bayan jirgin

Asabar, bayan isha'i.

Tun da na dawo daga masallaci da asuba na ɗora ruwan zafi na jiƙa siraran falankai guda shida, don yau ce ranar da na yi wa kaina alkawarin rufe bayan ƙaramin Victory ɗina, wato kwaikwayon tsohon jirgin ruwan yaƙin Birtaniya mai wannan suna da nake haɗawa da katako. Wata biyar kenan ina kansa. Gefe da gefe duk na gama, amma wurin nan na ƙasan tagogi inda katako ke murɗewa ya hau sama shi ne na daɗe ina kauce masa.

Na farko ya karye a hannuna, ƙas! Laifin gaggawa ne, minti goma kacal na bar shi a ruwa kuma hunturun nan ya busar da komai, katakon ya zama kamar karan dawa. Na biyu na bar shi rabin awa, na ɗora shi kan gwangwanin madara na bi shi da dutsen guga a hankali ina lanƙwasawa ina jin yadda yake sakin jiki ƙarƙashin yatsana har ya ɗauki siffar da nake so. Wallahi daɗin da na ji ba ya misaltuwa. Na fere bakinsa da reza ya ɗan tsuke, na shafa farin gam da tsinken sakace, na danne da fil huɗu. Sufa gulu na daina sa shi a nan, tabo yake bari kuma ba ya ba mutum damar gyara.

Wajen sha ɗaya aka ɗauke wuta, sai na ari dutsen guga na gawayi a maƙwabta, ya ma fi riƙe zafi.

Bayan la'asar na koma kan tagogi, jeri uku. Na sama ɗakin Hardy ne, kyaftin ɗin jirgin, na tsakiya na Nelson, babban kwamandan rundunar jiragen, na ƙasa kuma inda hafsoshi ke cin abinci. Ina yanka sandunan tagar da ba su kai kaurin ashana ba sai 'yar autata ta leƙo ta ce, "Baba, jirgin yaƙi ne kuma da gilashi haka?" Na ce mata ai nan ne lagonsa. Duk kaurin katakon gefe da bindigogi 104, baya gilashi ne da katako marar kauri. A yaƙin ruwa na Tarafalga, 21 ga Oktoba 1805, ta nan Victory ya bi wa jirgin Faransa Bucentaure, ya ratsa ta bayansa ya sakar masa wuta ta tagogi, harsasai suka bi tsawon jirgin. Tun da na san wannan nake kallon adon wurin da wani irin tausayi, ga kyau ga rauni.

Na asalin an sake shi a ruwa a Chatham ta Ingila a 1765, yanzu yana ajiye a Portsmouth, ina roƙon Allah ya nuna min ranar da zan tsaya a bayansa in ɗaga kai.

Taga biyu na hagu sun ɗan karkace, na gani da na haska da tocila. Zan cire su gobe kafin in taɓa sandifefa, in ba haka ba kullum idona a kansu zai sauka. Fenti baƙi da ruwan ɗorawa sai ƙurar nan ta lafa. Na lulluɓe shi da tsohon zanin uwargida, yatsuna duk gam.