Kano zuwa Gembu: na shirya wa ƙura, sai na tarar da ruwa

Jiya da daddare na shigo Kano, har yanzu kafaɗata ta dama ciwo take saboda jakar kyamara, amma na ce bari in rubuta tun abin yana da zafi a raina, don 'yan uwa masu hoto sun dame ni da waya wai me na ɗauka me na bari. Kwana tara na yi, Kano zuwa Gembu a kan tsaunin Mambila da dawowa, duk a motar haya.

Ni mai hoton biki ne, kuma duk wanda ya koyi aikin nan a Kano abu ɗaya ya sani a matsayin abokin gaba, ƙura. Kamu, yini, hawan sallah, ko ina ƙura ce, shi ya sa jakata ba ta rabuwa da burushi da 'yar robar nan ta hura iska da ƙyallen goge gilashi. Da wannan tunanin na zauna daren tafiya na baje kaya a kan tabarma: kyamarata Canon 6D Mark II, tsohuwar kyamarata 700D, lens 24-105, babban 70-200 f/2.8 wanda shi kaɗai ya kusa kilo ɗaya da rabi, ɗan ƙaramin 50mm f/1.8 da bai kai nauyin waya ba, filash biyu, ƙafar kyamara, laftof, caja da batura. Uwargida ce ta ce in kai jakar wajen mai gas na bakin layi ya ɗora min a sikeli, na kai, kilo 11. Nan na dawo na fara ragewa. 700D ce ta fara fita, saboda batirinta LP-E8 ne ita kuma 6D LP-E6 take ci, ka ga ɗaukarta na nufin caja biyu da batura iri biyu. Filash ɗaya ya fita. Laftof na daɗe ina juyawa kafin na ajiye shi, na ƙara katin memori huɗu a madadinsa, kuma wannan shawarar ban yi nadamarta ba ko sau ɗaya. Dron ɗina ma na bar shi, duk da zuciyata ta so hoton tsaunukan daga sama, don tashinsa sai da izinin hukuma ni kuma ba ni da takardar.

A tasha na biya kuɗin mutum biyu na kama gidan gaba ni kaɗai. Wasu za su ce ɓarnar kuɗi ce, to ku je ku ga yadda ake danna buhuna da jarkoki a but sannan a ɗaure da igiya, ba lens ɗin da zai fita lafiya. Jakar a cinyata ta yini. Gombe, Kaltungo da duwatsunta, gadar Numan a kan Binuwai, sai Jalingo bayan magariba, nan na kwana.

Washegari a hanyar Bali aka yi abin da ya ɓata min rai. A wani shinge, ɗaya daga cikin shingayen da ba sa ƙirguwa, wani jami'i ya leƙo ya ga jakar ya ce in sauko. Ko sallamata bai amsa ba. Ya zuge zif da kansa ya ɗago 70-200 ta wajen murfin kamar ya ɗauko gwangwanin madara, raina ya tashi, na ce "Yallaɓai don Allah riƙe shi ta jiki, in ya faɗi jarina ne gaba ɗaya." Sai ya ce ni zan koya masa aiki? Ina dron ɗin? Na ce babu. Ya ce duk masu irin wannan kayan suna ɓoye shi, ya sa na zazzage komai a kan bonet a cikin rana, fasinjoji na jira, ya ce in kunna kyamara ya ga hotuna, ya ga amare da ƙawayensu na bikin da na ɗauka kafin tafiyar, ya tambayi rasit na nuna masa hotonsa a waya. Kusan minti arba'in. Ni binciken bai dame ni ba, aikinsu ne kuma hanya na buƙatar tsaro, wulaƙancin ne ya yi min ciwo, mutum bai yi laifi ba ana masa magana kamar an kama shi da kayan sata. Da na ɗauko dron ɗin nan wallahi ban san inda maganar za ta tsaya ba. Wani dattijo a motar ya dafa ni ya ce "yi haƙuri ɗana, shiga mu tafi." Masu tafiya da kaya, ku ajiye hoton rasit da lambar jikin kyamara a waya, ya taimake ni ranar.

Bayan Serti, inda ake shiga gandun dajin Gashaka Gumti mafi girma a Najeriya, sai Mayo Selbe, daga nan mota ta fara hawa. Kai jama'a! Kwana bayan kwana, dutse a hannu ɗaya rami a ɗaya hannun, kunnena ya toshe, direba ya kashe rediyo kowa ya yi shiru sai salati. Ina ta ɗauka ta taga da 24-105, na sa gudun shata, wato saurin ƙiftawar kyamara, a 1/1000 na daƙiƙa saboda girgiza, yawanci dai bishiyoyi ne suka shiga gaba amma uku sun fito. Muna kaiwa sama wajen Maisamari sai duniya ta buɗe, tuddai kore shar har iya ganinka, ba ƙaya ba yashi, shanu jajaye da farare a warwatse, layin itatuwan turare, ga wata iska mai sanyi da ta sa na rufe gilashi. Mu a Kano tsayinmu daga teku bai kai mita 500 ba, nan kuwa ana maganar wajen mita 1,600, kuma can ta iyakar Kamaru akwai Chappal Waddi mai mita 2,419, dutsen da ya fi kowanne tsayi a ƙasar nan. Ban je can ba, wannan sai an shirya masa daban.

A Nguroje na sauka wajen wani dattijo, abokin kasuwancin kawuna, kuma a gidansa na gane cewa shirin da na yi na wata ƙasa ne daban. Da asuba na fita da kyamara cikin hazo, ba irin hazonmu na hunturu mai busar da leɓe ba, wannan ruwa ne a tsaye a iska, ka yi minti goma rigarka ta jiƙe. Na yi awa guda ina ɗaukar shanu suna fitowa daga farin hazon nan kamar a mafarki, na dawo na shiga ɗakin da aka hura gawayi, ina buɗe murfi na ga gilashin lens ya yi fari fat, madubin leƙawa ma haka. Na goge, ya dawo. Na ƙara gogewa, sai na lura har ta ciki ne. Gabana ya faɗi sosai don na san danshi in ya zauna a cikin lens fumfuna yake haifarwa, kuma gyaranta ba ƙaramin kuɗi ba ne. Abin da ya faru shi ne gilashi da ƙarfe sun ɗauki sanyin waje, da suka haɗu da iskar ɗaki mai ɗumi sai ruwa ya kwanta a kansu, kamar dai kofin ruwan sanyi da yake zufa. Na san wannan a karatu, ban taɓa gani a kayana ba.

Baba ya same ni ina ta juya lens a hannu. Ya ce "ɗana me ya faru?" Na nuna masa, ya yi murmushi ya ce haka tabaransa ke yi kullum, in bar shi ya huce da kansa kar in kai shi kusa da wuta. Ya aika jikansa kasuwa ya sayo bokitin roba mai murfi da ledoji masu kauri, ya sa aka kawo shinkafa mudu ɗaya aka ɗaure a tsohon ɗankwali aka sa a ciki. Na san shinkafa ba ta kai 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi ba, waɗanda nake zubarwa a gida ba tare da tunani ba, amma ita ce a hannu, kuma zuwa la'asar gilashin ya washe. Daga ranar kafin in shiga ɗaki sai in sa kyamara a leda in ɗaure tun a waje, in bar ta rabin awa kafin in buɗe. Na ciro kuɗin bokiti da shinkafa zan ba shi, ransa ya ɓaci, ya ce "baƙona ne kai ko ɗan haya?" Kwana huɗu mutumin nan yana ciyar da ni, shayi da madarar shanu mai ɗumi da safe, dankalin turawa, tuwon masara, ya ba ni bargo biyu da rigar sanyinsa. Allah ya saka masa da alheri, ya sa ya gama lafiya.

Sai maganar wuta. Batir uku na kawo ina ganin sun isa tunda a biki ɗaya ke kai ni yini, amma sanyi na shanye batir da wuri, ga wutar ba tabbas, dole kullum da yamma in kai caji shagon mai janareta in zauna gadi. Na koma sa na ajiya a aljihun ciki kusa da jiki. Da zan sake shiri, cajar da ke aiki da USB zan saya in haɗa da fawa bank babba, in ƙara batir biyu, ko da kuwa zan bar filash ɗin da ko sau ɗaya ban kunna ba.

Babban lens kuwa sau biyu ya fito. Ɗaya a gonar shayi ta Kakara inda ake yin Highland Tea, na matso da masu tsinkar ganye da layukan shayin a bayansu, hoton ya yi kyau ba ƙarya, ɗayan kuma wani makiyayi a kan doki a can saman tudu. Hoto biyu, kilo ɗaya da rabi, kwana tara a kafaɗa. Har yanzu ina muhawara da kaina a kai, amma na fi karkata ga cewa ƙaninsa 70-200 f/4 mara nauyi ya ishi irin wannan tafiyar. Wanda ya yi aikin gaske ɗan 50mm ne. Mutanen can ba kamar 'yan Kano ba ne da ana ganin kyamara za a gyara hula a ce ɗauke ni, akwai kunya sosai musamman Fulani, in ka nuna musu ƙaton farin lens sai a juya baya, amma da ƙaramin, bayan gaisuwa da neman izini, jikan Baba na yi min tafinta da Fulatanci, sai a tsaya har a yi dariya. Mata dai in ba a yarda ba ban ɗauka, kuma duk wanda ya ba ni lamba na tura masa hotonsa ta WhatsApp. Filtar rage ƙyalli ita ma ta biya kuɗinta, ita ta fito da koren ciyawar nan yadda ido ke ganinsa. Ƙafar kyamara sau ɗaya, da asuba.

Farashi kuwa abin ya ɗaure min kai. Fiya da ayaba kusan kyauta, abin da za ka sayi fiya biyu a Kano can leda za a cika maka, na sayi zuma galan guda bayan ciniki mai daɗi da wata tsohuwa da ta ƙara min da kwalba. Amma fetur da duk abin da mota ta hauro da shi tsada kamar me, har batirin tocila, kuma 'yan acaɓa in sun ga jakar kyamara kuɗin ya ninka, sai jikan Baba ya sa baki.

Gembu kwana biyu, ruwan sama ya hana ni rabin abin da na so, na dai sauka bakin kogin Donga na ɗauki masu kwale-kwale da lema a hannun hagu. Dawowa ba labari, Jalingo, Numan, Gombe, barci kawai nake. Muna wuce Wudil na ji ƙurar gida a maƙogwaro. Bokitin Baba na nan na taho da shi, lens uku na ciki yanzu haka, gobe in Allah ya kai mu zan kai 24-105 wajen mai gyara ya duba min cikinsa kafin bikin ranar Asabar.