Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Hali Zanen Dutse

Assalamu alaikum. Makon jiya na tsaya a ƙofar ɗakin kati, inda 'yan sanda ke ajiye katunan zanen yatsa, na kuma yi alkawarin yau zan shiga batun auren Yaya Babba. Ku yi mini afuwa, auren zai jira. Tun da na ambaci Baba Saje, mai koyar da sababbin yara a ɗakin, Allah ya jiƙansa da rahama, maganarsa ta hana ni sakat. Duk sabon yaron da aka kawo masa, abin da yake fara gaya masa ke nan: "Hali zanen dutse, haka ne. Amma kai zanen yatsa aka ɗauke ka ka karanta, ba hali ba." Ba za ku gane nauyin wannan magana ba sai kun san inda aikin ya fito, domin abin da aka koya mana a nan, kusan dukkansa a Landan aka gama gyara shi tsakanin yaƙin duniya na farko da na biyu, daga 1918 zuwa 1939.

Matsalar da ta haifi aikin guda ɗaya ce. An kama mutum da akuyar sata, ya ce sunansa wane, yau ne kuma farkonsa. Ta yaya alƙali zai san ko karo na tara ke nan? A da, a Landan, ido kawai ake dogara da shi. Sau uku a mako 'yan sandan ciki da gandirobobi kan taru a kurkukun Holloway suna leƙen fuskokin masu jiran shari'a, ko wani zai tuna wani. Ido kuwa ya sha cin amana. Adolf Beck, mutumin Norway, an ɗaure shi shekara bakwai a 1896 saboda mata da dama sun rantse shi ne ya damfare su, kuma wani tsohon ɗan sanda ya rantse shi ne wani John Smith da aka taɓa ɗaurewa a 1877. A takardun kurkuku an rubuta Smith yana da kaciya, Beck ba shi da ita, amma duk da haka ya ci gaba da zama a ɗaure. Aka sake kama shi a 1904, sai Allah ya sa ainihin ɗan damfarar ya faɗa hannu. A dalilin wannan abin kunya, da wasu irinsa, aka kafa kotun ɗaukaka ƙarar manyan laifuka a 1907.

Tsarin zanen yatsa ya shiga Scotland Yard, hedkwatar 'yan sandan Landan, a 1901 da sunan Edward Henry, kuma a nan nake da ƙorafin da zan mutu da shi. A Kalkata ta Indiya aka buɗe ofishin farko a 1897, kuma 'yan ƙasa biyu da ke ƙarƙashin Henry, Azizul Haque da Hem Chandra Bose, su suka yi wahalar lissafin da tsarin ya tsaya a kansa. A aji ba a taɓa faɗa mana sunansu ba. Henry, Henry, kullum Henry. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ga yadda ake ɗaukar katin, don a nan yawancin ɓarna take farawa. Kayan aiki huɗu ne: faifan gilashi ko na tagulla, tawadar ɗab'i baƙa, rola ta roba, da katin kansa. Tawada kamar ƙwayar wake ta isa. A murza ta a faifan har ta yi siriri yadda kana iya hango hasken gilashin ta ƙasa. A wanke hannun mutum da sabulu, a tsane shi sarai, don gumi yana hana tawada kamawa. Ka tsaya a gefensa, ka ce ya saki hannu ya kalli bango, saboda wanda ke kallon yatsansa sai ya taya ka, in ya taya ka kuwa ya ɓata. A mirgina yatsa daga gefen farce zuwa ɗaya gefen, sau ɗaya tak, babban yatsa zuwa wajen jikinsa, sauran kuma nesa da jiki. In ka koma baya, layuka sun hau juna. In tawada ta yi yawa, ta cike kwarin da ke tsakanin layuka, sai ka ga baƙin tabo kawai. A ƙasan katin ana dangwala yatsu huɗu a haɗe, ba mirginawa. Masu gaggawa suna raina wannan, alhali shi ne ke tona asiri idan an sa zanen manuniya a gurbin na tsakiya, ko an juya hannun dama da na hagu. Yatsa ɗaya ya sauya gurbi, lambar katin ta sauya, mutumin ya ɓace a cikin kabad har abada.

Zanen iri uku ne manya. Akwai baka, wanda layukansa ke shiga ta gefe su ɗan tashi su fita ta ɗaya gefen, kusan biyar cikin ɗari. Akwai ƙugiya, mai shiga ta lanƙwaso ta koma inda ta fito, ita ce ta fi yawa, wajen sittin zuwa sittin da biyar cikin ɗari. Sai gammo, mai naɗewa a tsakiya, sauran kason nasa ne. A lissafin farko gammo kaɗai ake ba maki. Yatsu goma a jera su daga babban yatsan dama zuwa ƙaramin hagu, a raba su biyu-biyu. Biyun farko kowanne maki 16, na biye 8, sai 4, sai 2, sai 1. A tara makin yatsa na 2, 4, 6, 8 da 10 a ƙara ɗaya, a rubuta a sama. A tara na 1, 3, 5, 7 da 9 a ƙara ɗaya, a rubuta a ƙasa. Wanda ke da gammo a babban yatsan dama da kuma yatsan zobe na dama kawai, lambarsa 9 bisa 17. Daga 1 bisa 1 har 32 bisa 32, gurbi 1,024 ke nan.

Sai dai mutane ba su rabu daidai a gurbin ba. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba su da gammo ko ɗaya, duk suna cunkushe a 1 bisa 1. Dole a sake tsaga su ta ƙidayar layi. Kowace ƙugiya tana da cibiya, tana da mararraba, wato inda layuka suka rabu gida uku. Ka ɗora madubin ƙara girma, ka ɗauki tsinke mai tsini, ka ƙirga layukan da ke tsakaninsu. A manuniya, tara zuwa ƙasa rukuni ɗaya ne, goma zuwa sama wani rukunin. A yatsan tsakiya iyakar tana tsakanin goma da sha ɗaya. Kun ga hatsarin. Layi ɗaya ka ƙara ko ka rage a bakin iyaka, ka buɗe wata aljihun daban. Shi ya sa ƙwararre in ƙidaya ta faɗo tara ko goma, sai ya bincika ɓangarorin biyu. Wanda aka yanke wa yatsa, ana ba gurbin abin da ke takwaransa na ɗaya hannun.

Wannan duk yana aiki ne in mutumin yana hannu da yatsunsa goma. Ɓarawon da ya fasa gida ya bar zane ɗaya a jikin kwalba fa? Ana fito da zanen da hoda, mai ruwan toka ta alli da zaiba a kan abu mai duhu, baƙa a kan abu mai haske, a share da lallausan buroshi, a ɗauki hoto. Amma da zane ɗaya ba ka da lambar da za ta kai ka aljihu. Wannan giɓi Harry Battley da Fred Cherrill na Scotland Yard suka toshe a 1930. Suka ware katin 'yan fasa gida, kowane yatsa da ƙaramin katinsa, tari goma. Suka yi madubi mai ɗigo a tsakiya da da'irori bakwai, daga milimita 3 zuwa 15, tazarar biyu-biyu, da haruffa A zuwa H. Ka ɗora ɗigon a cibiya, ka duba da'irar da mararraba ta faɗa, harafin ya rage maka kati dubbai zuwa 'yan kaɗan. Kafin a rantse a kotu kuwa, tun 1924 sai an nuna wurare 16 da zanen biyu suka dace, inda layi ya ƙare, inda ya rabu biyu, inda ya yi tsibiri. Wannan ƙa'ida ba a ajiye ta a Ingila ba sai 2001.

Masu laifi sun gwada tserewa. A Amurka, inda aka haɗa kati sama da 810,000 wuri guda a Washinton a 1924, ɗan fashi John Dillinger ya sa an ƙona masa kan yatsu da ruwan guba a 1934. Da aka harbe shi a Chicago cikin Yulin shekarar, layukan da ke kewaye da ƙunar suka isa a tabbatar shi ne. Zanen daga can ƙasan fata yake tsirowa, in ƙunar ba ta yi zurfi ba ya dawo yadda yake, in ta yi zurfi tabon ya zama wata alamar.

To, rabin farko na maganar Baba Saje, hali zanen dutse, shi ma an mai da shi kati. Manjo Atcherley, shugaban 'yan sandan West Riding a Yorkshire, ya fito da tsarin a 1913, bayan yaƙi kuma ya bazu, don mota ta yawaita, ɓarawo na iya yin sata a gari uku kafin asuba. Tambaya goma ake cikawa a kan kowace sata: wane irin wuri ne ko wane irin mutum aka cuta, ta ina aka shiga, da wane makami, me aka ɗauka, wane lokaci, da wace kama ɓarawon ya zo, wane labari ya shirga, da wa yake tafe, me ya hau, sai ta goma, wata ɗabi'a tasa da ba ta da alaƙa da satar. Wani sai ya ci abinci a kicin. Wani sai ya sauya tufafi ya bar tsummansa. Wani guba yake ba kare. A Wakefield, hedkwatar 'yan sandan West Riding, ake tara katunan, a jera su bisa salo maimakon suna. Mujallar 'yan sanda ta Police Gazette kuma tana da ƙarin shafi na musamman mai hotunan ƙwararrun ɓarayi masu yawo gari-gari. Tsarin yana kama mutane, ban musa ba. Inda yake lalacewa shi ne wajen ɗan sandan da ya je gidan ya rubuta "an shiga ta taga" ya tsaya. Wace taga? An fasa gilashi ne, ko an zura wuƙa an ɗaga sakata? Katin da ba a cika ba gara babu shi. Ɓarna ta biyu ta fi muni: salo yana nuna maka wanda za ka fara tambaya, ba ya zama shaida. Malalacin jami'i sai ya ɗauko tsohon fursuna mafi kusa ya ce ai halinsa ne.

A nan nake rabuwa da karin maganar, kuma na san Baba Saje ma a nan ya rabu da ita. Dokar Ingila ta 1871 ta ba kotu dama ta sa wanda ya maimaita laifi ƙarƙashin idon 'yan sanda har shekara bakwai bayan ya fito, ya riƙa kai kansa caji ofis duk wata, in ya sauya gida ya sanar. Ɗan sanda ya leƙa wurin aikinsa sau ɗaya, maigida ya sallame shi, yunwa ta mai da shi inda ya fito. Dokar 1908 ta ƙara: wanda aka ɗaure sau uku tun yana ɗan shekara 16, aka kuma gamsu cewa da rashin gaskiya yake rayuwa, bayan ya gama wa'adinsa a ƙara masa shekara biyar zuwa goma na tsarewar riga-kafi, a kurkukun Camp Hill da ke tsibirin Wight. An ce don manyan 'yan fashi aka yi ta. Wa ta kama? Irin su David Davies, tsohon da ke kiwon tumakin kurkukun Dartmoor, wanda aka yanke wa shekara uku da ƙarin goma a kan sule biyu da ya ɗauka a akwatin sadakar coci, har sai da Winston Churchill, yana ministan cikin gida, ya sa aka sake shi. Kwamitin da gwamnati ta naɗa ya ba da rahoto a 1932 cewa yawancin waɗanda dokar ta kama ƙananan ɓarayi ne marasa galihu, alƙalai ma sun daina son amfani da ita.

Jamus ce ta kai abin ƙarshensa. A 1923 aka kafa hukumar 'yan sandan ƙasa da ƙasa a Biyana, babban birnin Ostiriya, ƙarƙashin shugaban 'yan sandan birnin Johann Schober, don ƙasashe su riƙa musayar kati da hotuna, ita ce uwar Interpol ta yau. Ranar 24 ga Nuwamba 1933 gwamnatin Hitler ta yi dokar riƙaƙƙun masu laifi, mai ba da damar tsare mutum ba ranar fita. A Maris 1937, bisa umarnin Himmler, shugaban 'yan sandan Jamus, aka kamo mutum kusan 2,000 daga jerin sunayen da ke ofisoshin 'yan sanda, ba tare da sabon laifi ba, aka kai su sansanonin gwale-gwale, inda irinsu ke ɗauke da koren ƙyalle mai kusurwa uku a riga. Katunan da akawu masu haƙuri suka cika da kyau, layi bayan layi, su aka buɗe aka karanto sunayen. Bayan Jamus ta haɗiye Ostiriya a 1938 hukumar Biyana ma ta faɗa hannunsu, daga baya aka kwashe fayilolinta zuwa Balin.

Mu a nan, an haɗe 'yan sandan Arewa da na Kudu a 1930, dogarai da 'yan doka kuma suna nasu aikin a ƙarƙashin sarakuna, inda sanin mutum ya dogara ga mai unguwa da tsagar fuska da sunan uba. Katin Henry ya zo ya tarar da wannan, aka ci gaba da rubuta tsaga da tabo a bayan kati, lamba a gaba. A bayan katin akwai layukan da ake jera hukunce-hukuncen da aka taɓa yi wa mutum. Baba Saje ba ya barin sabon yaro ya juya kati ya karanta bayan sai ya gama ƙirga layuka ya rubuta lambarsa da fensir, wani kuma ya sake ƙirgawa bai ga ta farko ba. Ya ce wanda ya fara karanta hali, idonsa zai ga layi goma inda tara ne.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, auren Yaya Babba da rigimar lefen da ta biyo baya.