Lissafin ranar shigar ciki ga macen da al'adarta ke rikicewa

Lissafin da ake yi a wurin awo, wato a ɗauki ranar farko ta al'adar ƙarshe a ƙara kwana 280, an gina shi ne a kan macen da jininta ke zuwa duk bayan kwana 28, wadda ƙwanta ke fita wajen kwana na 14. Wadda tata ke zuwa wani watan bayan kwana 30, wani watan bayan 45, wannan lissafi ba nata ba ne. Kuma wani lokaci rigimar "cikin nan na wane ne" daga nan take tasowa, musamman ga bazawarar da ta sake aure jim kaɗan bayan idda.

Tsakanin fitar ƙwai da zuwan jini na gaba tazarar ba ta cika canzawa ba, kusan kwana 14 ce. Ɓangaren da ke miƙewa ko ya gajarce shi ne na kafin fitar ƙwan. Don haka a zagaye mai kwana 35 ƙwai na fita wajen kwana na 21, a mai kwana 45 kuwa wajen kwana na 31. Idan aka yi wa ta biyun lissafin kwana na 14, an girmar da cikinta da fiye da mako biyu, kuma wannan kaɗai ya isa ya mayar da shi kan wani namijin daban.

Abubuwan da ke jawo rikicewar sanannu ne: shayarwa, daina allurar tazarar haihuwa ta wata uku (wadda kan jinkirta fitar ƙwai watanni bayan an daina), ciwon nan na PCOS da ke hana ƙwai fita a kan lokaci, matsalar maƙoƙo, rama mai tsanani, da kusantowar ɗaukewar al'ada. Mai shayarwa ma tana iya yin kwanika ba ta ga jini ko sau ɗaya ba tun bayan na biƙi, domin ƙwai ne ke riga jini zuwa. Akwai kuma ɗan jinin da wasu ke gani a farkon ciki su ƙirga shi a matsayin al'ada. Wannan kuskuren yana ƙanƙantar da cikin da kusan wata guda.

Abin dogaro shi ne sikanin na farkon ciki, wato hoton ciki da na'ura, inda ake auna tsawon ɗan tayi daga kai zuwa mazaunai. Kafin mako 14 kuskurensa bai wuce kwana 5 zuwa 7 ba, saboda a wannan lokacin duk 'yan tayi kusan girma ɗaya suke yi. Daga nan sai ya fara sakwarkwacewa: kwana 10 zuwa 14 a tsakiyar ciki, mako uku ko fiye bayan mako 28. Matan da ba sa zuwa awo sai ciki ya fito fili sun riga sun rasa mafi ingancin ma'auni. Idan hotunan sun yi yawa kuma ranakunsu sun saɓa, na farko ake riƙewa.

Wurin da ake yawan tuntuɓe shi ne karanta takardar hoton. Makonnin da aka rubuta sun haɗa da mako biyun da ba a ma ɗauki cikin ba tukuna, don haka sai an cire kwana 14. A ce an yi hoto ranar 20 ga Yuni, ya nuna mako 8 cif. A koma baya kwana 56, an isa 25 ga Afrilu. A ƙara kwana 14, ranar haɗuwar ƙwai da maniyyi ta faɗa wajen 9 ga Mayu. Sai a ba na'ura haƙƙinta na kuskuren mako guda gaba da baya: 2 zuwa 16 ga Mayu. Ba a gama ba. Maniyyi na iya rayuwa har kwana 5 a jikin mace yana jiran ƙwai, shi kuwa ƙwan ba ya wuce awa 24. Ke nan duk saduwar da aka yi daga 27 ga Afrilu zuwa 16 ga Mayu tana iya zama silar cikin, kusan mako uku.

Idan tsakanin saduwa da maza biyun da ake kokwanto a kansu akwai wata biyu, hoton farkon ciki ya raba gardama. Idan kwana goma ne, babu likitan da zai iya nuna uba da kalanda, kuma wanda ya ce zai iya ya faɗi abin da bai sani ba. Kama ta fuska da hasken fata ba hujja ba ne. Rukunin jini da gwajin sikila suna iya fitar da mutum, misali namiji mai AA ba ya haifar ɗa mai SS, amma ba sa tabbatar da kowa, kuma kafin a gina zargi a kansu a maimaita su a wani ɗakin gwajin, don ana samun kuskuren sakamako.

Gwajin DNA ne ke yankewa. Bayan haihuwa ana goga auduga a cikin kumatun jariri da na wanda ake zato, sakamakon ya fitar da shi ko ya tabbatar da shi sama da kashi 99.9 cikin ɗari. Tun ciki na wajen mako 8 ana iya yi da jinin uwa, ba haɗari ga ɗan tayi, sai dai tsada. Hanyar zuƙo ruwan mahaifa da allura daga mako 15 tana da ɗan haɗarin ɓari. Idan mazan biyu 'yan'uwa ne na jini, a faɗa wa masu gwajin tun farko don su faɗaɗa binciken.

Wannan duk ta fuskar likitanci ne. A kotun shari'ar Musulunci ma'aunin daban ne: ɗa na mai shimfiɗa ne (wato mijin matar), mafi ƙarancin ciki wata shida ne, kuma mazhabar Malikiyya ta yarda da kwantaccen ciki na shekaru, abin da likitoci ba su gani ba. Wanda maganarsa za ta kai gaban alƙali ya nemi gwajin da aka ɗauki samfurinsa a gaban shaidu tare da tantance masu shi, ba wanda aka goga a gida aka aika ba.