Wasiƙa daga Mombasa: kafin a sayo muku tauraron teku a matsayin tsaraba

Assalamu alaikum iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu na Zazzau. Muna gaishe ku daga Mombasa, a gaɓar tekun Indiya, da fatan kowa yana lafiya, daga cikin Birni har Sabon Gari, Tudun Wada da Samaru.

Maganar da ta sa muka rubuto ta tsaraba ce. Duk wanda ya je garin da ke bakin teku, ko nan ne, ko Zanzibar, ko wata gaɓa a Asiya, zai tarar da busasshen tauraron teku, wata halittar teku mai siffar tauraro da hannuwa biyar ko fiye, jibge a kwando ana sayarwa. Abu ne mai kyan gani, ga araha, ga rashin nauyi a jaka, don haka yakan ƙare a falon mutane a Zariya, saman talabijin ko cikin shokes. Muna roƙon ku da ku daina saye, ku daina aiken a sayo muku. Wanda kuma ya riga ya mallaka, ga yadda zai kula da shi kada ya lalace a banza.

Wannan halitta ba kifi ba ce. Danginta sun kai iri 1,900 ko fiye, kuma duk a ruwan gishiri suke. Ba za a same su a dam ɗin Shika ko kogin Galma ba. Ba ta da ƙwaƙwalwa, ba ta da jini irin namu. Ruwan teku take zuƙa ta wani ɗan tabo mai ramuka a bayanta, ta tura shi cikin ɗaruruwan ƙananan ƙafafu da ke jere a ƙarƙashin kowane hannu. Da su take tafiya, da su take riƙe abinci. Numfashinta kuwa ta waɗannan ƙafafu ne da wasu 'yan tsiro masu laushi a fatarta, kuma a cikin ruwa kawai suke aiki. Shi ya sa ɗaga ta sama don ɗaukar hoto, abin da baƙi ke yi kullum a nan, shaƙe ta ne. Daɗewa a waje da ruwa na illata ta. A jefa ta cikin ruwan famfo ma mutuwa za ta yi.

Masu sayarwa sukan ce matattu suka tsinto. Ku dubi kayan da kyau. Wanda ya mutu da kansa a teku, nan da nan yake laushi ya ruɓe, kaguwa da tsuntsaye su yage shi, igiyar ruwa ta karya hannuwansa. In ka ga ɗari a kwando, girmansu ɗaya, hannu biyar-biyar a miƙe sambal babu ko ƙwarzane, to da ransu aka kwaso su aka shanya. A nan gaɓar an fi kwasar wani mai toka-toka da jajayen ƙahonni, wanda faɗinsa kan kai santimita 30. Ɗan uwansa na Filifins da Indonesiya, mai baƙaƙen ƙahonni, yana ɗaukar shekara 2 zuwa 3 kafin ya isa haihuwa, kuma manyan ne 'yan kasuwa suke so, wato masu haihuwar.

Rashinsu ba ƙaramin giɓi yake bari ba. A 1966 wani masani Ba'amurke, Robert Paine, ya wallafa abin da ya gani bayan ya kwashe taurarin teku daga wasu duwatsu a gaɓar jihar Washington: wasu halittu masu ɓawo da taurarin ke ci suka mamaye wurin, ire-iren halittun da ke zaune a nan suka ragu daga 15 zuwa 8. Daga 2013 kuma wata annoba ta afka musu a yammacin Amurka, har iri guda mai hannu sama da 20 ya ragu da fiye da kashi 90 cikin ɗari. Sannan akwai doka. A gandayen teku na Kenya, irin na Malindi da Watamu da aka kafa a 1968, an hana ɗaukar komai, mai rai ko matacce.

In mutum ya tsinci ɗaya a yashi inda doka ba ta hana ba, ya fara tabbatar da ya mutu. A sa shi cikin ruwan teku, ƙafafun suna kallon sama, a jira minti 10. In ƙafafun nan suka motsa ko kaɗan, ko ya fara murɗa hannu don ya juya, a bar shi a ruwa. Wanda ya yi laushi yana wari kuma ya wuce gyara.

Mataccen da ke da ƙwari, a ɗauraye shi da ruwa mai kyau don yashi da gishiri su fita. Kada a raina wannan mataki, domin gishirin da ya saura shi ke jawo danshi daga baya. Sai a nutsa shi gaba ɗaya cikin farin sifirit na kemis mai ƙarfin kashi 70. In mai ƙarfin 95 aka samu, a haɗa kofi 3 da kofi 1 na ruwa. Mai launin shuɗi-shuɗi zai rina shi, a guje masa. Ƙarami ya yi awa 24 a ciki, babba mai kauri awa 48, a rufe mazubin kuma a nesanta shi da wuta. Launinsa zai ɗan kwaranye, wannan ba makawa. Daga nan a shimfiɗa shi a kan kwali, gefen ƙafafun a ƙasa, a ɗora abu marar nauyi sosai a kan ƙarshen kowane hannu don kada su lanƙwashe. A inuwa mai iska za a shanya, domin rana tsaka tana koɗar da launi, tana busar da waje ta bar ciki da ɗanye. Babba yakan ci mako guda ko fiye, ana juya shi bayan kwana biyu. In wari bai tafi ba, ciki bai bushe ba ke nan. A mayar da shi sifirit.

Abubuwa biyu ne ke kashe shi a hannun masu son tsabta. Jikinsa ƙananan guntayen ƙashi ne da nama ya ɗinke su, kamar sulken mahayan Hawan Daushe. Guntayen nan sinadarinsu ɗaya da ɓawon ƙwai, don haka ruwan khal, lemon tsami ko tsamiya za su cinye su. Hypo kuma naman da ya riƙe su yake narkarwa, sai a wayi gari an ga tsakuwoyi a ƙasan kwano.

Sai yanayin Zariya, wanda shi ne babban gwaji. Da damina, musamman Agusta, busasshen naman yana shan danshi, ya yi laushi, furfura ta fito, warin ya dawo. Maganinsa a ajiye shi a kwalba ko akwatin gilashi mai murfi, a jefa ƙunshi 2 ko 3 na ƙwayoyin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, a riƙa sauya su. Da hunturu kuma yakan bushe ƙayau, faɗuwa ɗaya hannu ya ɓalle. Ƙurar da ta shige ramukansa da busasshen burushi mai laushi ake share ta. Jiƙaƙƙen tsumma ɓarna yake yi. In ya bushe sarai, ana iya shafa masa Top Bond da aka sirka da ruwa daidai wa daida, shafi biyu marasa kauri, na farko ya bushe kafin na biyu. Wanda aka shafe tun yana da ɗanye a ciki zai ruɓe.

Ƙwaron nan da ke cin busasshen kifi da fata a kasuwa shi ma yana son sa. Alamarsa gari-gari a ƙarƙashin tauraron da ɓawon tsutsotsi masu gashi. A ɗaure shi a leda a sa a firiza mako guda cur, in ana da wutar da za ta riƙe sanyin. In babu, a sake jiƙa shi a sifirit kwana ɗaya a shanya.

Iyaye mata, ku kula da yara. Wasu 'yan kasuwa da fomalin suke gyara nasu, maganin nan na adana gawa, wasu kuma su fesa fenti. Kada a bar yaro ya kai shi baki, kada a jefa shi cikin tankin kifi, kuma a wanke hannu bayan an taɓa. Ɗalibanmu na Jami'ar Ahmadu Bello da ke son sa don karatu, su liƙa masa takarda ɗauke da sunan gaɓar da aka tsince shi da ranar, domin in babu wannan amfaninsa ga ilimi kaɗan ne.

Masu shirin zuwa wannan gaɓa, ku zo lokacin da ruwa ya janye, ku tsuguna ku kalle shi a inda yake kwance, ku ɗauki hotonsa ta cikin ruwan. Tsaraba kuma akwai zannuwan kanga, kanumfari da kayan sassaƙa.

Allah Ya sada mu da alheri. Wassalam.

'Yan uwanku Zazzagawa mazauna Mombasa