Daga Aboabo Zuwa Bakin Teku a Kan Keke

Shagona yana Aboabo a nan Kumasi, aikina kuma biyu ne: gyaran keke, da rakiyar masu son doguwar tafiya a kansa. Sau uku a shekara, galibi bayan Kirsimeti ko gab da Ista, nakan ɗebi 'yan coci mu gangara Cape Coast. Kilomita 200 ne da ɗoriya, kwana uku muke yi, don ba tsere muka fito ba.

Hanyar tsohuwa ce. Kusan ita Thomas Birch Freeman, mai wa'azin Metodis, ya biyo a 1839 zamanin Sarkin Asante Kwaku Dua na ɗaya, har aka zaunar da shi makonni a Fomena kafin a yarda ya shigo Kumasi. Nakan ba su wannan labari a gindin tudun da ke gaban garin, su huce haushin hawan da ke jiransu.

A tudun nan ake sanin keken da aka gyara da wanda aka shafa wa mai kawai. Duk keken da zai bi ni sai ya kwana biyu a hannuna. In kwance wili, in wanke boris da kananzir, in cika giris, in sa sabuwar igiyar birki ko da tsohuwar ba ta tsinke ba. Ɗaurin sifok kuwa, wato siraran wayoyin wili, ba na bar wa yara. A wurin maigidana na koya, wani Alhaji da ya karɓe ni ina ɗan shekara 14, sabon zuwa daga Bawku. Sai ya juya wili ya riƙa taɓa sifok ɗaya bayan ɗaya kamar mai kaɗa garaya, ya ce, "Yaro, saurara, wannan ƙarya yake yi." Shekara biyu na yi kafin kunnena ya buɗe. Shi Musulmi, ni Kirista, amma ran Lahadi shi ke kora ta coci. Allah Ya ji ƙansa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne jabun kaya. Bara wani dillali ya kawo mini tif a kwali mai kyau, sai da muka kusa Assin Praso uku suka yage a bakin hancin hura iska, wurin da faci ba ya kamawa. Rana tsaka, fasto na riƙe mini famfo. Tun daga nan kowane tif sai na hura shi ya kwana. Amma mutum zai zo ya ce wane ya fi ni araha. To, ka je wurin wanen, ka tambaye shi ko ya taɓa tsallake kogin Pra a kan keke.

Daga Assin Manso hira take raguwa. A rafin garin ne, zamanin cinikin bayi, ake yi wa bayi wankan ƙarshe kafin bakin teku, da yawansu mutanen arewa ne irina, an biyo da su ta kasuwar Salaga. A gidan bayi na Cape Coast kuma za a nuna maka ɗakin sujadar Turawa daidai saman kurkukun maza. Ana waƙar yabo a sama, mutane na mutuwa a ƙasa. Na shiga wurin nan ya fi sau 30, har yau in muka yi Addu'ar Ubangiji a ciki, muryata sarƙewa take a wajen neman gafara. Wata dattijuwa ta taɓa kama hannuna ta ce, "Ɗana, bar shi, Ya ji."

Mai sauran ƙarfi mu ƙarasa da shi gidan bayi na Elmina, ginin mutanen Fotugal na 1482. Dawowa a mota ne, kekuna a sama. Da mun iso a kawo mini su in wanke sarƙa, don iskar teku gishiri gare ta, mako guda ya isa tsatsa ta kama. Wankin nan kyauta ne ga wanda ya bi ni.