Godiya Bayan Jana'izar Mahaifiyarmu

Salama a gare ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. A madadin Baba da ƙannena da dukan dangi, ina miƙa godiya ga duk wanda ya tsaya mana tun daga ranar da Mama ta kwanta ciwo har muka kai ta makwancinta. Kira da saƙonni sun fi ƙarfinmu, ba kowa muka samu amsa wa ba, don haka ku yi haƙuri ku karɓi wannan.

Likitoci da ma'aikatan jinya, kun yi iyakar ƙoƙarinku, mun gani da idonmu. Iyayenmu mata na ikilisiya da kuka riƙa kwana da ita bi da bi don mu samu mu runtsa, matasan da suka ba da jini ba tare da an roƙe su ba, mawaƙa, da maƙwabta waɗanda ba addininmu ɗaya ba amma suka zauna makoki da mu, Allah ya saka muku da alheri.

Godiya ta musamman ga Baba Fasto, saboda ya lura da abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba. Masu zuwa dubiya kan ƙarfafa Mama da zancen Sama: can babu ciwo, babu hawaye, titin birnin ma na zinariya ne. Gaskiya suka faɗa, haka yake a Wahayin Yahaya sura 21. Takan ce amin, amma da sun tafi sai ta sa a karanta mata Zabura 73, wurin da Asaf yake tambaya wa yake da shi a Sama in ba Allah ba, ya kuma ce a duniya ba ya marmarin kowa sai shi. Ba ta gajiya da wannan wurin.

Shi ya sa ranar jana'iza Fasto ya kai mu Fitowa sura 33. Bayan Isra'ilawa sun yi ɗan maraƙin zinariya, Allah ya ce wa Musa su kama hanya zuwa ƙasar da take zub da madara da zuma, zai aiko mala'ika ya wuce gabansu, amma shi kansa ba zai tafi tare da su ba. Ƙasar tana nan, alkawarin bai tashi ba. Musa ya ƙi. A aya ta 15 ya ce in Ubangiji ba zai tafi da su ba, to kada ma ya ɗaga su daga wurin. Sai Fasto ya tambaye mu: da za a ba ka Sama da dukan daɗinta, ga lafiya, ga 'yan'uwan da suka riga mu, amma a ce Allah ba ya ciki, za ka karɓa? Ni dai tambayar ta hana ni barci.

Wasu sun tare ni daga baya suna cewa ko laifi ne mutum ya yi ɗokin Sama. A ganina ba laifi ba ne ko kaɗan, kuma wanda bai taɓa jinya mai tsawo ba kada ya yi saurin yanke wa mai ɗokin hutu hukunci. Manzo Bulus kansa, yana ɗaure, ya rubuta wa Filibiyawa cewa hankalinsa ya rabu biyu, yana so ya tafi. Sai dai abin da ya ambata shi ne zama tare da Almasihu, ya kuma yarda ya dakata saboda ikilisiya tana bukatarsa. Yaro yana iya murnar tsaraba, amma in tsarabar ce kaɗai take sa shi tsayuwa a bakin ƙofa, uban zai gane. Irin wannan zargi Shaiɗan ya yi wa Ayuba, cewa ba a banza yake tsoron Allah ba. Mun ga Mama cikin zafin ciwo, lokacin da addu'ar warkarwa ba ta samu amsar da muke so ba, tana yabon Allah yadda ta saba tun tana da ƙarfinta.

Roƙo ɗaya muke da shi. Yanzu da jama'a suka watse, gidan ya yi wa Baba girma. Wanda ya samu sarari ya leƙo ya gaishe shi, ko na ɗan lokaci ne, musamman da yamma. Waɗanda suka taso daga nesa, mun ji labarin kowa ya isa gida lafiya, mun gode wa Allah. Ubangiji ya albarkace ku duka.