Abin da shugabancin sashe ya koya mini game da tafiyar malamai

A kwalejin ilimi ta jiha, da zarar malami ya ajiye aiki sai a ce albashi ne ya kore shi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, wasunmu suka jingine mota suka koma hawa adaidaita sahu. Sai dai albashin jami'a ma ba wani abin a zo a gani ba ne, amma can suke nufa.

Da na riƙe sashe ne na gane inda gizo ke saƙar. Asusun TETFund, wato asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, yana ɗaukar nauyin malaman kwalejoji su yi digiri na biyu da na uku, abin a yaba. Malami ya dawo da dakta, ya cika shekarun da ya sa hannu zai yi wa kwaleji, sai ya ɗaga kai ya hangi gaba. A wajenmu matsayi ya tsaya a kan Cif Lakcara. A jami'a kuwa akwai kujerar farfesa, wanda sai ya kai shekara 70 zai yi ritaya, mu 65. Wa zai ga laifinsa?

Wani malamin lissafi da muka rasa, ɗalibansa har ta taga suke leƙen allo saboda cika. Takardun jarrabawa a jakar Ghana-must-go yake kai su gida. Lokacin duba ɗalibai masu koyon koyarwa, da mansa yake zagaya makarantun ƙauye, alawus ya biyo baya in Allah ya yi. Ranar da ya kawo takardarsa ta ajiye aiki ya ce mini, "Yallaɓai, wallahi ba kuɗi ba ne. Tun da na dawo ban zauna na rubuta komai ba, karatun nan zai ruɓe a kaina."

Albashi da matsayi ba a hannun shugaban sashe suke ba. Rabon kwasa-kwasai kuwa nasa ne, haka ma bin fayil ɗin ƙarin girma ofis-ofis kada ya kwana a durowar wani. Na lura malami yakan jure talauci fiye da yadda yake jure ganin an jibga masa manyan azuzuwa alhali ɗan gaban goshi yana hutawa. Don haka a bainar jama'a muke rabon, kuma duk mai bincike a hannu ana bar masa yini guda babu aji.

Dokar 2023 ta bai wa kwalejojin ilimi na tarayya damar ba da digiri tare da takardar shaidar malanta ta NCE. Yanzu malamanmu har guraben can suke tambaya.